Littafin Dodo Mai Kayan Kimiyya: In Saya Ko In Bari?

Assalamu alaikum. Filinmu na wannan makon littafi ne ya cinye shi. Wasiƙu sun yi ta shigowa kan wani nau'in ƙagaggen labari na Turanci da ke yawo a hannun matasa a garin nan na Kaduna, labarin dabba mai ban tsoro wadda ba aljani ya kawo ta ba, ba boka ya turo ta ba, marubucin ya ce kimiyya ce ta tono ta ko ta haɗa ta. Na cire sunayen littattafan daga cikin wasiƙun, domin filin nan ba na talla ba ne, kuma abin da zan faɗa ya shafi danginsu gaba ɗaya.

Daga wani ɗalibin kwalejin fasaha, mazaunin Tudun Wada: "Malam, barka da aiki. Muna da 'yar ƙungiyar karatu, duk ƙarshen wata mukan zaɓi littafi ɗaya. Wannan karon an zaɓi labarin wani ƙaton kifin shak na zamanin da, wai ya ɓuya a wuri mafi zurfi a teku shekaru miliyoyi, masu bincike suka je suka tsokano shi ya biyo su sama. Waɗanda suka riga ni karantawa sun rabu biyu. Wasu sun ce ba su iya ajiye shi ba, ɗaya ma kiran sallar asuba ne ya raba shi da shi. Wasu kuma, musamman wata 'yar'uwa mai karatun ilimin halittu a jami'a, sun ce shirme ne aka yi wa ado da kalmomin kimiyya. Kuɗina ba yawa. In saya ko in bari?"

Ƙanena, kafin in ce maka saya ko bari, mu fara ba 'yar'uwar nan haƙƙinta, domin ba son zuciya ya sa ta magana ba.

Kifin dai an yi shi da gaske. Masana suna kiransa megalodon, kuma ya ɓace kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce. Jikin shak guringuntsi ne, ba ƙashi ba, shi ya sa kusan duk abin da ya rage nasa haƙora ne da 'yan gaɓoɓin baya. Amma haƙoran kaɗai sun isa su sa mutum ya yi tsit. Manya daga cikinsu sun kai kusan santimita 18, masu kusurwa uku, gefe da gefe ƙananan tsini ne a jere don yanka nama. In ka ɗora ɗaya a hannunka sai ya rufe tafin ya haura kan yatsu. Da waɗannan haƙora aka ƙiyasta tsawon dabbar, daga mita 15 zuwa sama da 20, alhali babban farin shak na yau da wuya ya wuce mita 6. Maɓoyar da marubuta suka fi son ba shi ita ma tana nan: kwazazzabon Mariyana a yammacin tekun Fasifik, mai zurfin kusan kilomita 11. Mutum biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, sun sauka har ƙasansa a watan Janairun 1960.

Iyakar gaskiyar ke nan, daga nan sai ƙirƙira. Megalodon kifin ruwan ɗumi ne, yana farauta a inda abinci ke da yawa, abincinsa kuwa manyan dabbobin teku irin su wel. Can ƙasan kwazazzabon duhu ne ƙirin, sanyin ruwan tsakanin digiri 1 zuwa 4, nauyin da ke danne komai ya ninka na iskar da muke ciki fiye da sau 1,000, abinci kuma sai ɗan abin da ya zubo daga sama. Ba a taɓa samun shak kowane iri a zurfin da ya kai kilomita 4 ba. Kifin da aka ɗauka a hoto a wuri mafi zurfi, a 2022 kusa da Japan, a mita 8,336 aka gan shi, kuma ɗan ƙarami ne mai laushin jiki. Ga kuma wata hujja da ba ta buƙatar na'ura: shak yana zubar da haƙora dubbai a tsawon rayuwarsa, wani ya faɗi wani ya maye. Da akwai garken megalodon a raye, da sababbin haƙoransa sun shiga ragar masunta, da an ga sabon tabon cizonsa a jikin wel. Har yau duk wanda aka tsinta tsoho ne da ya riga ya zama dutse.

To me ya sa masu hankali suke karantawa gabansu yana faɗuwa? Domin teku ta sha ba masana kunya. A watan Disambar 1938 masunta a Afirka ta Kudu suka jawo wani kifi mai suna silakant, wanda duk littattafai suka ce ya ɓace tun shekara miliyan 66. Ga shi da jini da tsoka. A 1977 aka gano maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku kusa da tsibiran Galafagos, a inda rana ba ta taɓa haskawa ba, kewaye da tsutsotsi masu tsawon mita 2 da ke rayuwa da taimakon bakteriya masu sarrafa sinadaran da ke fitowa daga ƙasa. Ƙatuwar sikwid, dabbar nan mai hannuwa goma da kan kai mita 12, matuƙa jiragen ruwa sun daɗe suna ba da labarinta ana yi musu kallon masu ƙarin gishiri, ba a ɗauke ta hoto a raye a mazauninta ba sai 2004. Marubuci mai basira a bakin wannan ƙofa yake tsayawa, ƙofar "wa ya sani", kuma ba laifi ya yi ba.

Ni ma'aunina a irin wannan littafi ɗaya ne, kuma na riƙe shi gam. Na yarda marubuci ya yi mini ƙarya ɗaya babba, wadda in babu ita babu labarin. Kifin yana raye? Na karɓa. Amma daga wannan shafin bashi ya hau kansa. Sauran abubuwa dole su tafi yadda Allah ya tsara duniya. In dabbar ta saba da duhu, haske ya dame ta. In girmanta ya kai haka, yunwa ta kora ta inda abinci yake. In jirgin ƙarƙashin ruwa ya tsage a wannan zurfi, kada wani ya fito yana iyo. In jarumin ya tsira, ya tsira da abin da ya sani game da halin dabbar, ba don marubucin yana ƙaunarsa ba. Littafin da ya kiyaye wannan ya cancanci kuɗinka ko da tushensa ba zai taɓa yiwuwa ba. Wanda kuwa duk sanda ya shiga tsaka mai wuya sai ya ƙago sabuwar ƙarya ya sulale, wannan ya raina mai karatu, kuma tarin kalmomin kimiyya ba za su wanke shi ba.

Saboda haka koma wa abokanka, amma kada ka tambaye su ko ya yi daɗi. Ka ce wa 'yar'uwar: a ina ranki ya fara ɓaci? In ta ce tun daga cewa kifin yana raye, to ita da irin wannan labari ne jininsu bai haɗu ba, kamar wanda ya biya kuɗi ya shiga gidan dambe ya fito yana ƙorafin an yi naushi. Ra'ayinta gaskiya ne a kan kanta, amma ba zai gaya maka komai game da kai ba. In kuwa ta lissafo maka wuri bayan wuri inda marubucin ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, to ka saurare ta da kunne biyu. Masu yabon su ma ka tambaye su abin da ya rage a ransu bayan mako guda. In ba su riƙe komai ba sai yawan mutanen da aka cinye, littafin na rage dare ne kawai. In wani ya ce shi ya sa ya je ya nemi labarin zurfin teku na gaskiya, to littafin ya yi aiki.

Akwai ƙorafi na uku da za ka ji, kuma sau da yawa daidai ne: mutanen cikin labarin ba su da nauyi. Masanin da aka ƙi yarda da shi, attajiri mai kwaɗayin riba, jami'in da ya toshe kunne har sai da aka rasa rai. Kusan kowane littafi irin wannan su ne a ciki. In kai mai neman labarin zuciyar ɗan Adam ne, a nan ba za ka ƙoshi ba.

Tunda kuɗinka ba yawa, kuma littafin yana hannun 'yan ƙungiyarku, ara tukuna ka karanta babi uku. Irin waɗannan littattafai yawanci karatu ɗaya ake yi musu, in an san ƙarshe tsoron ya tafi. Ya fi muku ku yi karo-karo ku sayi kwafi biyu su zagaya. In ka gama ka ji kana son komawa shafukan bayanin, sannan ka sayi naka.

Daga wata uwa a Unguwar Rimi: "Ɗana shekararsa 13, yana ƙaramar sakandare. Ya kalli fim ɗin da aka raya manyan ƙadangarun nan na zamanin da daga jinin da sauro ya sha, yanzu ya matsa mini sai na saya masa littafin. Maƙwabciyata ta saya wa nata, ta ce yaron ba shi da zance yanzu sai kimiyya. Ƙanwata kuma ta ce 'yarta mafarkin tsoro ta riƙa yi har ta ajiye shi. Abin da ya fi damuna shi ne kada yaro ya ɗauka ɗan Adam yana iya raya matacce."

Hajiya, Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Damuwarki ta ƙarshe ita zan fara ɗauka, kuma ki kwantar da hankalinki, domin kimiyyar ma tana gefenki.

Dabarar labarin ita ce sauro ya ciji dainoso, wato ɗaya daga manyan ƙadangarun nan na zamanin da, ya maƙale a ƙaron itace, ƙaron ya daskare ya zama dutse, masana suka zo suka zuƙo jinin suka karanta ƙwayar halittar da ake kira DNA, suka gina dabbar. Sauro a cikin daskararren ƙaro akwai shi. Matsalar ita ce DNA ba ta jure zamani, rugujewa take yi a hankali. A 2012 masana suka auna ƙasusuwan wani tsuntsu mai suna mowa da ya ɓace a Niyuzilan, suka gano cewa a irin yanayin da aka binne su, rabin mahaɗan DNA kan karye a cikin shekara 521, rabin abin da ya rage ya sake karyewa a wasu 521, haka har ya zama ba abin karantawa. Mafi tsufar DNA da aka iya karantawa, wadda aka sanar a 2022 daga daskararriyar ƙasar Girinlan, shekararta kusan miliyan 2, kuma gutsi-gutsi ce. Dainoso kuwa sun ɓace shekara miliyan 66 da suka wuce. Tazarar ba ta kusa ba ce.

Ko abin da aka iya yi da gaske ba raya matacce ba ne. Tunkiyar nan Doli da aka haifa a Sikotilan a 1996, daga ƙwayar jikin wata tunkiya aka kwafe ta, aka dasa a ƙwan wata, wata kuma ta ɗauki cikin ta haife ta. Ba wanda ya ƙirƙiri rai daga babu. A 2003 an gwada haka a Sifen da wata akuyar dutse da irinta ya ƙare, da ƙwayoyin da aka ɗiba tun ta ƙarshen tana raye. An haifi 'yar, amma huhunta ba daidai yake ba, cikin 'yan mintoci ta mutu. Wannan labari ne da ya kamata ki ba yaron da bakinki. Kuma ki sani, irin waɗannan littattafai ba sa ɗaura wa masanan cikinsu rawani. Kusan kullum ƙarshen labarin shi ne abin da suka haɗa da girman kai ya fi ƙarfinsu ya juyo kansu.

Inda zan ce ki yi hattara shi ne wani wurin daban. Littafin don manya aka rubuta shi, kuma ya fi fim ɗin zubar da jini. Abin da kyamara ta kawar da kai daga gare shi, alƙalami yakan tsaya ya bayyana shi dalla-dalla. Shi ya sa labarin maƙwabciyarki da na ƙanwarki duka za su iya zama gaskiya: yara biyu ne daban. Ke kika san naki. In yaro ne mai firgita da dare, ki jinkirta masa shekara ɗaya ko biyu, littafin ba gudu zai yi ba. In kuwa mai dakakkiyar zuciya ne, ki sa babansa ko wani yayansa mai Turanci ya fara karantawa, ya duba wuraren harin da kuma irin kalaman da ke bakin mutanen ciki. In an yarda, ki haɗa masa da littafin gaskiya mai hotuna kan dabbobin zamanin da, ki ce duk abin da ya karanta a labarin ya duba a ɗayan ya zo ya gaya miki wanne ne gaskiya, wanne ne ƙari. Yaron da ya koyi wannan tantancewa a shekara 13 ya sami abin da ya fi kuɗin littattafan biyu.

Daga wani ma'aikaci a Barnawa: "Littafi ɗaya na gani da farashi uku. A kantin littattafai da tsada sosai, a wurin masu shimfiɗawa a gefen titi bai kai rabin haka ba, wani abokina kuma ya ce zai turo mini a waya kyauta. Wanne ya fi?"

Malam, tsadar kanti ba zaluncin mai kanti ba ne. Littattafan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake saye da dala ya yi sama.

Na gefen titi kuwa iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne duk maganar. Akwai gwanjo na asali, wanda wani ya karanta a can ya sayar. Za ka gan shi takardar ta ɗan yi ja, gefen bangon ya lanƙwashe, wani lokacin har da hatimin wani ɗakin karatu ko sunan wani da biro a shafin farko. Wannan halal ɗinka ne, kuma ga labarin da sau ɗaya za ka karanta, shi na fi ba ka shawara. Sai kuma na jabu, bugun sata, wanda yake zuwa sabo fil a cikin leda. Shi ne yake ruɗin mutane. Ka roƙi mai kayan ya buɗe ledar. Ɗaga shafi ɗaya ka kalli rana ta bayansa: in rubutun ɗaya gefen yana leƙowa har yana hana ka karatu, alama ce. Duba tawadar, za ka ga wani shafin baƙi ƙirin wani kuma ya koɗe, layuka sun karkace, rubutun ya matsu har cikin gindin littafin. Buɗe shi a tsakiya ka ɗan danna, gam ɗin na jabu nan take yake fara tsagewa. Sannan ka bi lambobin shafi, musamman hamsin na ƙarshe. Ba abin da ya kai takaicin ka bi dodo shafi ɗari uku, a daidai inda za a yi ta ta ƙare ka tarar an tsallake shafi goma sha shida ko an maimaita waɗanda ka wuce. In labarin yana da taswira ko zanen jadawali, a na jabu sukan zama dunƙulen baƙi. Araha ba ta ado.

Na waya kuma, in ba marubucin ko kamfanin ɗab'in ne suka sake shi kyauta ba, haƙƙin wani ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa har da abin da ake yaɗawa ta intanet. Amma ni ba tsoron doka nake so ya hana ka ba. Mu a nan arewa mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da marubutanmu na Hausa da masu shirya fim, mun san mutanen da abin ya taɓa. Bai kamata mu yi wa na nesa abin da muke kuka da shi a gida ba.

Abu ɗaya kuma kafin ka biya: irin waɗannan labarai sukan zo a jere, na ɗaya, na biyu, har na biyar. Duba shafin farko ka tabbatar ba na uku ka ɗauko ba. Na farkon shi ne yawanci ya fi ƙarfi.

Daga wata malamar firamare a Kawo: "Ina son in gwada, amma Turancina na aiki ne kawai. Wata ƙawata ta ce ta bar nata a babi na biyu saboda kalmomin kimiyya."

Malama, kada wannan ya hana ki. Turancin irin waɗannan littattafai ya fi na adabin da aka karantar da mu a sakandare sauƙi: jimloli gajeru, babi gajeru, magana da yawa. Kalmomin kimiyyar a farko suke taruwa, inda marubucin yake kafa hujjarsa, kuma kusan kullum akwai wani a cikin labarin da bai sani ba, zai yi tambaya a yi masa bayani. Bayanin nan ke aka yi wa. Ƙawarki ta tsaya ne a daidai inda ya fi tauri. A wurin mai sayarwa ki buɗe tsakiyar littafin ki karanta shafi ɗaya. In kin gane wa ke gudu da abin da ke bin sa, ki saya. Kada ki riƙa tsayawa duba ƙamus a kowane layi, ki ja layi da fensir ki wuce.

Daga wani matashin marubuci a Rigasa: "Na karanta irin waɗannan guda da yawa, kullum Amurka ko wani tsibiri. Akwai irinsu da Hausa? In babu ina so in rubuta. Abokaina sun ce mutanenmu aljanu da bokaye suka sani, ba za su saya ba. Me zan saya in karanta don in fara?"

Ɗan'uwa, wasiƙarka ta faranta mini rai. Abokanka sun manta cewa da Dodo aka yaye mu a tatsuniya, kuma tarihin Daura ma da macijin rijiyar Kusugu ya fara. Tsoron dabbar da ta tare hanya ba baƙo ba ne a wurinmu. Labarin kimiyya ma an taɓa shi: tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi tafiya da shi sararin samaniya. Hanyar dai ba a bi ta sosai ba ne, ba wai babu ita ba.

Kayan aikin kuma a ƙofar gidanmu suke, abin da yake ba ni mamaki ke nan in na ga matasanmu sun san kwazazzabon Mariyana ba su san Gadufawa ba. Gadufawa wuri ne a cikin hamadar Tenere, a jihar Agadas ta Nijar. A can aka tono wani dangin kada da masana suka sa wa suna Sarkosukus a 1966, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya je da tawagarsa a 1997 da 2000 suka samo ƙarin ƙasusuwa. Ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, wato ya kusa tsayin mutum. Tsawon jikinsa an ƙiyasta daga mita 9 zuwa kusan 12. Ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wannan hamadar koguna ce da dausayi. A wurin ne kuma aka samo Nijasorus, dainoso mai cin ciyawa da haƙora kusan 500. A gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai akwai ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi a baje. A gefenmu na iyaka ma, ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, kuma akwai wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka tono a can wanda masana suka raɗa wa suna daga garin Goronyo. Ga kogin Kaduna da ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa tsakiyar garin nan, ya cika dam ɗin Shiroro, ya gangara ya faɗa kogin Kwara. Ga masunta, ga masu yashi, ga ambaliyar watan Agusta da Satumba. Me kake nema a tsibirin wani?

Game da abin da za ka saya, kada ka ƙara sayen wani labarin dodo, waɗanda ka karanta sun isa. Sa kuɗin a littafin ilimin halittu na babbar sakandare, da wani na gaskiya kan kadoji ko kifayen ruwan daɗi. A nan za ka koyi dokokin da za su hana masu karatunka yi maka irin abin da 'yar'uwar nan ta wasiƙar farko ta yi wa nata marubucin. Misali ɗaya: in ka ninka tsawon dabba sau biyu, nauyinta sau takwas yake ninkuwa, kaurin ƙashin da zai ɗauke ta kuwa sau huɗu kawai. Masanin kimiyya Galileyo ya bayyana wannan tun 1638. Shi ya sa gizo-gizo mai girman mota ƙafafunsa za su karye kafin ya taka, kuma shi ya sa mafi girman dabbobi a ruwa suke, inda ruwan ke ɗauke musu nauyi. Ƙwari ma ba su da huhu, ta ƙananan ƙofofi a jikinsu iska take shiga. Lokacin da aka yi mazari mai faɗin fukafukai santimita 70, shekara miliyan 300 da suka wuce, iskar oksijin ta fi ta yau yawa sosai. In dabbarka babba ce, ka sa ta a ruwa, ka lissafa abin da za ta ci a wata, ka nuna mana inda shanun suke ɓacewa a mashaya. Shi kada mai sanyin jini ne, yana iya daɗewa bai ci ba, da sanyin hunturu kuma jikinsa yakan mutu sai ya sha rana. Wannan kaɗai ya ba jaruminka lokacin da zai kusance shi.

Sannan ka gyara abin da na waje suka kasa. Ka ba mu mutane na gaske: Sarkin Ruwa da ya gaji sanin kogin daga kakanni, malamar jami'a da ta zo da na'urarta, kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya, dole su saurari juna. In ka rubuta babi uku, kafin ka kai wa kowane mai ɗab'i, ka ba wani malamin ilimin halittu ya karanta da jan biro, ka kuma je bakin kogi ka karanta wa wani tsohon masunci da baki, ka rubuta duk inda ya girgiza kai.